Yadda ake binciken salsalar iyali a takardun zamanin mulkin mallaka na Fiji

Fiji ta shiga hannun Birtaniya ranar 10 ga Oktoba 1874, lokacin da Ratu Seru Cakobau da wasu sarakuna suka sa hannu a garin Levuka. Ta sami 'yanci ranar 10 ga Oktoba 1970. A cikin shekara 96 ɗin nan akawuna sun cika rajistoci masu ɗimbin yawa, kuma galibinsu suna ajiye a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke titin Carnarvon a Suva. Abin da ke ɓatar da mai nema shi ne ba a jera mutane da sunan zuriya ba. Gwamnatin ta kasa su ne rukuni-rukuni: 'yan ƙasa, Indiyawa 'yan ƙodago, leburorin da aka kwaso daga wasu tsibirai, sai Turawa da ruwa-biyu. Kowane rukuni da kundinsa, kowane kundi da mabuɗinsa. Ga Ba'indiye mabuɗin lamba ce da sunan jirgi. Ga ɗan ƙasa kuwa sunan ƙauye ne da na dangin da ke da ƙasar noma. Wanda ya tafi da suna tsagwaronsa zai sha wahala, ko da kuwa takardar kakansa tana kan kantar da ke gabansa.

Fara daga gida

Kafin ka rubuta wa kowane ofishi, zauna da tsofaffin gidan, da tsohuwar zuma ake magani. Ka ɗauki muryarsu a waya, ka kuma yi tambayar da ke da amsa takamaimai. "Daga ina kakanmu ya zo?" takan jawo amsa ɗaya, "daga Indiya" ko "daga kan tudu", wadda ba ta kai ka ko'ina. Tambayi sunan gonar raken da ya yi aiki, da injin sukarin da ake kai raken, da sunan da abokansa ke kiransa, da wanda suka hau jirgi tare, da cocin da aka yi masa baftisma, da inda aka binne shi ko aka ƙone gawarsa. Ka tattara takardun haihuwa, aure da mutuwa na iyaye da kakanni, da takardun hayar gona, da tsofaffin fasfo. A takardun Indiyawan Fiji za ka yi ta ganin haruffa f/n tsakanin suna biyu. Ma'anarsu "sunan uba", wato kamar yadda muke cewa wane ɗan wane. Suna na biyun nan na mutum ɗaya ne, kada ka ɗauke shi sunan gida da ake gada.

Daga nan sai ka riƙa komawa baya mataki-mataki. Takardar haihuwar uba ta ba ka sunan kaka, ta kakan ta ba ka na baban kaka. Waɗannan ana neman su a ofishin rajistar haihuwa, mutuwa da aure da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a, kuma shafin FamilySearch yana da hotunan da yawa daga cikin tsofaffin rajistocin, waɗanda su ma a rarrabe suke bisa rukuni. Tsallake mataki guda shi ne babban abin da ke sa mutum ya rungumi kakan wani.

Idan kakan ɗan girmit ne

Kalmar girmit, wato ƙodagon da aka kawo Indiyawa yi, daga kalmar Turanci ta yarjejeniya ta samo asali, kamar yadda bakin leburorin ya iya furta ta. Gwamna na farko, Sir Arthur Gordon, shi ya kawo tsarin don kada a tilasta wa 'yan ƙasa aikin gandu. Jirgin farko, Leonidas, ya iso ranar 14 ga Mayu 1879. Na ƙarshe, Sutlej a zuwansa na biyar, ya iso ranar 11 ga Nuwamba 1916. Tsakanin nan jirage 42 sun yi sawu 87, an kuma yi wa mutum 60,553 rajista. Kimanin 45,000 ta Kalkata suka fito, saura kimanin 15,000 ta Madras, su kuma sai daga 1903 aka fara kawo su. Yarjejeniyar ta shekara biyar ce. Bayan ta cika mutum yana iya komawa da kuɗinsa, in kuma ya ƙara wasu biyar a Fiji gwamnati ta biya masa kuɗin jirgi. An soke duk sauran yarjejeniyoyi ranar 1 ga Janairu 1920.

Kowane mutum an cike masa takardar fita guda a tashar jirgi, har da jarirai. Sunanta a kundin laburare shi ne Emigration Pass, kuma da wannan sunan za ka neme ta. Akwai ta maza, ta mata, ta yara maza, ta yara mata da ta jarirai. A fuskarta akwai sunan jirgi, lambar mutum a sansanin tara leburori, suna, sunan uba, shekaru, ajin haihuwa (wato matsayin da ake gada a al'adar Indiya), sunan makusanci, sunan miji ko mata in akwai, gunduma, thana, ƙauye, tsayi a ƙafa da inci, da alamomin jiki. Thana ita ce caji ofis da yankin da take kula da shi, a takardun Madras kuma za ka ga taluk a madadinta. A gurbin ajin haihuwa ake rubuta Musalman ga Musulmi, Ahir, Chamar, Kurmi, Thakur da sauransu ga Hindu. Layin alamomin jiki shi ne wanda mutane suka fi daɗewa suna kallo: tabo a ƙwaurin hagu, zanzana a fuska, tawadar Allah a wuya. Hukumar UNESCO ta sa waɗannan takardu cikin kundinta na abubuwan tarihin duniya a 2011, tare da na Guyana, Suriname da Tirinidad.

Asalin takardun suna Suva, amma Babban Laburaren Ostireliya ya ɗora hotunansu a intanet kyauta, a jere bisa jirgi da lamba. To, a nan ne lamba ke aiki, wato lambar rajista, ba ta sansani ba. An fara ƙirga daga 1 har zuwa 60,553 ba tare da an sake farawa ba, don haka lamba kaɗai tana gaya maka jirgi da shekara. Daga 1 zuwa 463 mutanen Leonidas ne. Daga 464 zuwa 887 na Berar ne, wanda ya zo a 1882, domin babu jirgin da ya zo a 1880 da 1881. Daga 2355 zuwa 2792 waɗanda suka tsira ne daga Syria, jirgin da ya fashe a kan duwatsun Nasilai a watan Mayu 1884, mutum sama da 50 suka mutu. Shafin girmit.org yana da jerin jiragen duka.

Ina ake samun lambar? Mafi sauƙi ita ce rajistar haihuwar 'ya'yan da aka haifa a Fiji a farkon zamanin, domin sau da yawa akawu yakan rubuta lambar uba da ta uwa da sunan jirginsu. Rajistar aure da ta mutuwa ma sukan ɗauke ta. Ka nemi takardar babban ɗa ko babbar 'ya, don ita ta fi kusa da lokacin da lamba ke da muhimmanci ga gwamnati. Ta auta, wanda aka haifa bayan 1920, ba lallai ta ambace ta ba.

In babu lamba sai sunan jirgi, aikin ya ƙaru amma yana yiwuwa. Matsalar ita ce jirgi ɗaya yakan zo sau da yawa, shi ya sa ake bin sunansa da lambar sawu: Sutlej na ɗaya zuwa na biyar, haka ma ake sa wa Ganges, Fazilka, Sangola, Chenab da Mutlah lambar sawu. Tsohuwa za ta ce maka "Ganges ya kawo shi" ta tsaya nan. Sai ka ƙiyasta shekarar da kanka. Ɗauki shekarar haihuwar ɗan fari na Fiji, ko shekarar da aka fara hayar gona, ka cire biyar zuwa goma, ka ga sawun da ya faɗa ciki. Kowane sawu yana da takarda daga wajen 300 zuwa sama da 1,000, kuma ɗaya bayan ɗaya za ka buɗe su. Ka ware kwana biyu ko uku ga kowane jirgi, ka riƙa rubuta lambar da ka tsaya, in ba haka ba gobe ka sake bin inda ka wuce.

In babu lamba babu jirgi, rubuta wa gidan adana takardun a Suva. Ka ba su suna da duk yadda za a iya rubuta shi, sunan uba, gonar da ya yi aiki, shekarun da kake zato, da sunan mata ko miji. Wasiƙar da ta ce kawai "ku nemo min kakana" ba ta da amsa, don masu suna ɗaya a rajistar suna da yawan gaske.

Abubuwan da ke ɓata aikin

Na farko rubutun suna. Akawu da kunne ya rubuta, don haka Ramdin, Ramdeen da Ram Deen duk abu guda ne, haka Budhia da Boodhia, Sukhu da Sookhoo. Duk inda ka ga u gwada oo, inda ka ga i gwada ee. Sunayen mutanen kudu sun fi shan wahala, don akawun Suva bai saba da Tamil ko Telugu ba. Na biyu shekaru: yawanci matasa ne a takarda, saboda su ake so, kuma 'yan kamasho da ake kira arkati sun san haka. Bambancin shekara biyar bai isa ya sa ka yar da takarda ba. Na uku ajin haihuwa. Wasu 'yan manyan aji sun ɓoye nasu don ba a son ɗaukarsu aikin gona, wasu kuma sun ɗaga nasu bayan sun isa Fiji. In gida ana cewa Thakur ne takarda ta ce Ahir, ka rubuta duka biyun ka ci gaba. Haka gurbin aure: akwai waɗanda a sansani aka haɗa su, akwai matan da suka baro miji aka rubuta su gwauraye. Doka ta ce a sami mata 40 ga kowane maza 100, kuma don cika wannan adadi ba a cika tsananta tambaya ba.

Kada ka amince da takarda sai abu uku sun dace: suna, sunan uba, da abu na uku da ba ya cikin takardar fitar, kamar gonar da aka tura shi. Wannan a babbar rajistar baƙin Indiya yake, wadda take bin lamba ta faɗi wanda aka ba leburan bayan ya fito daga killacewa a tsibirin Nukulau. Akwai kuma rajistar gonaki, ta mutuwa, da ta waɗanda aka mayar gida. Kusan mutum 2 cikin 5 sun koma Indiya, wasunsu sun sake dawowa da sabuwar yarjejeniya, ka ga mutum ɗaya da lamba biyu ke nan. Yawancin leburorin kamfanin sukari na CSR suka yi wa aiki, mai injina a Nausori, Rarawai, Labasa da Lautoka, kuma takardun kamfanin suna ma'ajiyar Noel Butlin a Jami'ar Ƙasa ta Ostireliya da ke Kanbera. Ba kasafai suke ambaton lebura da suna ba, amma suna nuna yadda gonar take a shekarun da ya yi a cikinta.

Wani abin kuma: 'yan kasuwar Gujarat da manoman Punjab da suka zo da kuɗinsu tun daga farkon ƙarni na 20 ba su da takardar girmit ko kaɗan. Su a jerin fasinjoji, lasin kasuwanci da takardun shige da fice ake nemansu.

Idan kakan ɗan ƙasa ne

Nan hanyar daban take. Sama da kashi 80 cikin 100 na ƙasar Fiji mallakar dangogi ce, ba a sayar da ita, don haka gwamnatin mallaka ta buƙaci sanin wane ne ɗan wane dangi. A 1880 ta kafa Hukumar Filayen 'Yan Ƙasa, wadda ta bi ƙauyuka tana ɗaukar shaida. Mafi yawan aikin da ake dogaro da shi yau an yi shi ne tsakanin shekarun 1910 da na 1930, kuma Ratu Sukuna, fitaccen basaraken Fiji, yana cikin waɗanda suka daɗe a kansa. Abu biyu suka fito daga ciki. Ɗaya shi ne Vola ni Kawa Bula, wanda kowa ke kira VKB, rajistar zuriyar masu ƙasa da har yau ake ƙara sunan jarirai a cikinta. Ɗayan Tukutuku Raraba, tarihin asalin kowace ƙabila da ƙaurace-ƙauracenta kamar yadda dattawa suka faɗa gaban hukumar. Tun 2010 ana kiran 'yan ƙasa iTaukei a hukumance, kuma hukumar da ke riƙe da kundayen yanzu ita ce ta filaye da wuraren kamun kifi ta iTaukei.

Don a buɗe maka shafin da ya dace kana buƙatar adireshin dangi cikakke, daga sama zuwa ƙasa: yasana, wato lardi, guda 14 ne, tikina, gunduma, koro, ƙauye, yavusa, babbar zuriya, mataqali, dangin da ke riƙe da ƙasa, sai tokatoka, gida. Ana rubuta yaro a mataqali na ubansa. In ba a yi aure ba, ko uban baƙo ne, akan sa shi a na uwa, kuma nan ne masu nema da yawa ke duba gefen da ba shi ba. Waɗannan kundaye ba na kowa da kowa ba ne, domin gado da sarauta da kuɗin hayar ƙasa duk a kansu suke rataye. Sai ka nuna alaƙarka da dangin, kuma hanya mafi sauƙi ita ce ta ofishin lardi, wurin Roko Tui, wato shugaban lardin. In za ka shiga ƙauyen da kanka, ka fara da turaga ni koro, mai unguwar ƙauyen, ka riƙe damin saiwar yaqona, wadda ake yin abin sha na gargajiya da ita, don gaisuwar da ake kira sevusevu. Baƙon da ya fara da tambayar salsala kafin wannan gaisuwa zai sami fara'a, amma ba zai sami labari ba.

Ka karanta Tukutuku Raraba da hankali. Hukumar ta zo da tsari guda na yavusa, mataqali da tokatoka ta ɗora wa ƙasar duka, alhali ba ko'ina ake zaune haka ba, kuma masu ba da shaida sun san cewa fili ake rabawa da maganarsu. An haɗe dangogin da suka ƙaranta, an kuma manta da wasu. Ƙyandar 1875, wadda ta kashe kusan mutum 40,000, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na jama'a, ta riga ta share gidaje sukutum kafin a fara rubutun. Annobar mura ta ƙarshen 1918 ita ma wuri ce da za ka duba in mutum ya ɓace daga takardu kwatsam.

Abin da ya gabaci rajistar gwamnati a coci yake. 'Yan mishan na Methodist sun sauka a Lakeba a 1835, limaman Katolika na Marist a 1844, kuma rajistocin baftisma da aure nasu su ne mafi tsufa. Akwai na Methodist a Suva da kuma Laburaren Mitchell a Sidni. Ofishin kwafar takardun Fasifik da ake kira Pambu, a Kanbera, ya ɗauki hoton takardun mishan masu yawa, har da na Marist. A nan sunan baftisma yakan maye na gargajiya: Jone shi ne John, Tevita shi ne David, Timoci shi ne Timothy, Viliame shi ne William. Ga kuma al'adar yaca, wato takwara, inda jika ke cin sunan kaka dungurungum. Suna ɗaya a ƙauye ɗaya yana iya zama mutum uku a ƙarni guda, sai shekara da sunan mata ne za su raba maka su.

Rubutun harshen Fiji da kansa tarko ne ga mai bincike a kwamfuta. 'Yan mishan sun ba wasu haruffa aiki na daban: b ana furta ta mb, d kuma nd, g ita ce ng, q ita ce ngg, c kuma kamar th ta Turanci. Jami'an mulkin mallaka da jaridu sukan rubuta yadda suka ji. Shi ya sa Nadi take fitowa Nandi, Beqa ta zama Mbengga, Kadavu ta zama Kandavu, Labasa ta zama Lambasa, Cakobau kuma Thakombau. Kowane suna ka nema da siga biyun.

Sauran rukunai

Daga tsakiyar shekarun 1860 zuwa 1911 an kawo leburori kimanin 27,000 daga tsibiran Solomon, New Hebrides (Vanuatu ta yanzu) da Gilbert (cikin Kiribati ta yanzu). Rajistarsu tana ƙarƙashin kalmar Polynesian, ko da yake yawancinsu ba 'yan Folinesiya ba ne, don haka da wannan kalmar za ka tambaya. Suna guda ake rubuta musu, sau da yawa laƙabi, tare da tsibiri, jirgi da uban gida. Tsibiran ma da tsohon suna suke: Malayta ita ce Malaita, Aoba ita ce Ambae, Api ita ce Epi. Zuriyarsu da suka zauna a wurare irin su Wailoku kusa da Suva sun fi fitowa a rajistocin cocin Anglican. Abin da ya shafi tsibiransu na asali yana cikin takardun Babban Kwamishinan Yammacin Fasifik, ofishin da aka kafa a 1877. Waɗannan ba sa Suva: an kwashe su zuwa Ingila, daga baya a 2002 aka kai su Jami'ar Auckland a Niyu Zilan. Mutanen Rotuma, wadda ta shiga hannun Birtaniya a 1881, da mutanen Banaba da aka kai tsibirin Rabi a 1945, kowannensu yana da nasa fayilolin.

Ga Turawa da ruwa-biyu, waɗanda ake kira kailoma, babu kamar rahotannin hukumar da ta binciki da'awar filayen da baƙi suka saya kafin 1874. Mai da'awa yakan faɗi shekarar zuwansa, sarkin da ya sayar masa, matar da ya aura da 'ya'yansa. Jaridar Fiji Times, wadda aka fara bugawa a Levuka a 1869, tana da sanarwar haihuwa, mutuwa da zirga-zirgar jirage. Shafukan Trove na Ostireliya da Papers Past na Niyu Zilan kyauta ne, kuma ana iya bincika su da suna. Wanda kakansa ya yi aikin gwamnati, ko ya shiga wata shari'a babba, ya duba fayilolin ofishin Sakataren Mulkin Mallaka a Suva, da jerin CO 83 a ma'ajiyar takardun Birtaniya da ke Kew.

Daga takarda zuwa ƙauye a Indiya

Samun takardar fita ba ya nufin an sami ƙauyen, domin gundumomin sun rarrabu. Basti, wadda ta fi kowace ba da leburori, an cire mata Siddharthnagar a 1988 da Sant Kabir Nagar a 1997. An cire Balrampur daga Gonda a 1997. Faizabad ta koma Ayodhya a 2018. Shahabad ta Bihar babu ita tun 1972, an raba ta zuwa Bhojpur da Rohtas, daga baya aka ƙara Buxar da Kaimur. North Arcot ta kudancin Indiya an raba ta biyu a 1989, waɗanda suka zama Vellore da Tiruvannamalai, daga baya a 2019 aka cire Ranipet da Tirupattur daga Vellore. Saboda haka ka fara da thana, don sunanta bai cika canzawa ba. Gano gundumar da take ciki yau, sa'an nan ka duba jerin ƙauyukan ƙidayar Indiya ta 2011 a wannan yanki. Sunaye irin su Rampur suna maimaituwa sau da yawa a gunduma ɗaya, don haka ka ware duk masu kama da wanda ke takarda, ka bar waɗanda suka fi kusa da caji ofis ɗin. Sunan makusanci da ke kan takardar, wanda galibi ɗan'uwa ne ko kawu da ya rage a gida, shi za ka tambaya a ƙauyen da kuma a tsofaffin rajistocin filaye na ofishin tehsil, wato ƙaramin yankin mulki da ke ƙarƙashin gunduma, domin zuriyarsa ce ke nan, kuma sunansa ne zai fito a takardar gona.